Takalmi Mai Tudu a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, da yammacin da na rage tsawo a gaban taron mata a wani gida a Unguwar Sarki. A hankali na ragu, kowa na kallo, babu wadda ta kawo mini ɗauki. Yau ina ba da labarin ina dariya har da hawaye, amma a ranar, da ƙasa ta yi mini alheri ta buɗe, da na shige na jawo ta na rufe.

Bari in fara da gaskiyar da na ƙarar da ƙuruciyata ina musu da ita: ni gajere ne. Ba irin gajeren da ake lallaɓawa a ce "ai matsakaici ne" ba. Gajere na sosai, wanda in ya zauna a benci ƙafarsa ke lilo. Gado na yi ta kowane ɓangare. Babana, mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo, in ya tsaya bayan buhunan dawa hularsa kawai ake hange, Inna kuwa sai ta ɗaga kai take kallonsa. Su abin bai taɓa hana su barci ba. Ni ya hana ni.

Tun daga aji ɗaya har na gama sakandare ni ne a gaban layi. Sunana na yanka malamai kaɗai suka san shi, kowa Guntu yake ce mini. (Har yau akwai tsofaffi a Unguwar Shanu da in ka ambaci sunana na gaskiya sai su ce ba ɗan unguwar ba ne.) Akwai ranar da na shiga bas, da ɗan gashin bakina da nake ta tattali, kwandasta ya dube ni ya ce, "Yaro, hau cinyar babanka mana a samu wuri," yana nuna wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Mutumin kuma, don tsabar kirki, ya gyara cinya. Ranar da na fara aiki a matsayin ƙaramin akawu a wata ma'aikata, mai gadi ya tare ni a ƙofa ya tambaye ni abincin wa na kawo.

Kada ku ɗauka na zauna ne na rungumi ƙaddara. Na yi reto a reshen mangwaro har hannuna ya yi kanta. Na ci wake har aka fara ƙorafi a gida. Wani mai magani a tasha ya sayar mini da wani gari ya ce in dama a kunu, ya rantse wani ɗan Katsina da ya sha sai da aka sake masa ƙofar ɗaki. Na sha, abin da ya ƙaru kawai shi ne zuwa bayan gida. A waje ina taya mutane dariyar kaina, amma in na shiga ɗaki nakan ji haushin halittata, in ji kamar kowa an gama shi, ni ne aka tashi aiki kafin a ƙarasa.

To, ana cikin haka, a tsakiyar shekarun saba'in ɗin nan, sai wani yayi ya shigo gari. Samari suka tara suma, suka koma riga mai kama jiki da wando mai faɗin ƙafa da ke sharar ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma takalmi mai tudu. Ga sauran samari ado ne kawai. Ni kuwa gani na yi addu'ata ce aka amsa, aka haɗa da duk samarin Kaduna don kada a gane tawa ce.

Albashina na farko a kan takalmin ya tafi. Baƙi ne, mai zif a gefe, yana kamawa har idon sawu. Na sa, na tsaya gaban madubi, na ga an samu ci gaba amma da sauran aiki. Sai na kai shi wurin wani shumeka a bakin kasuwa na ce ya ƙara masa. Ya yanko tsohuwar tayar mota ya manna, na ce ƙara. Ya sa katako, ya sake bin sa da taya, ya buga ƙusoshi. Da ya gama ya ɗaga shi da hannu biyu ya ce, "Malam, tafiya za ka yi da shi ko tsallaka kogi?" Ban kula shi ba. Daga nan na wuce wurin tela, na ce ya auna ni a kan takalmin, wandon ya sauka ya rufe shi ruf. Gefen katakon kuwa kullum da safe nakan bi shi da baƙar tawadar ofis don kada a ga gaɓa.

Sai koyon tafiya. A ɗakina na zaure nake rufe ƙofa, ina dafa bango kamar mai tatata. Ranar da na fara fitowa tsakar gida da shi Inna na tankaɗe, ta ɗago ta bi ni da kallo daga ƙasa har sama ta ce, "Kai kuma wane laifi ƙasa ta yi maka? Wanda ya halicce ka haka bai manta komai ba." Baba kuwa sai da na kai bakin ƙofa sannan ya ce, "In ka isa ka gaishe mini da mutanen sama."

A kwanakin nan ne Yaya Sale ya ce in raka shi zance. Yaya Sale ɗan wan babana ne, direban babbar mota, yana zaune a Kawo, yana neman wata yarinya Binta a Unguwar Sarki. Muka je bayan la'asar. Wadda ta fara fitowa da tabarma da kwanon ruwa ba Binta ba ce, ƙanwarta ce Saude, 'yar makarantar horon malamai, doguwa, mai ɗan wushirya, mai kallon mutum kamar ta riga ta san abin da zai faɗa. Ta gaishe mu, na amsa, idona daidai nata. Ku fahimce ni, a rayuwata ban taɓa kallon budurwa ido cikin ido ba sai na ɗaga haɓa. Nan take na kamu, na kuma yanke wa kaina hukunci cewa Saude ba za ta taɓa ganin tafin ƙafata a ƙasa ba.

Daga nan wahala ta fara, domin mu duk inda mutunci yake sai an tuɓe takalmi ake shiga. Ba a hawa tabarma da shi, ba a shiga masallaci da shi, ba a gaida babba da shi. Ban taɓa lura da yawan tuɓe takalmin da muke yi ba sai da na sa wanda ba ya tuɓuwa.

Na fara zuwa zancen kaina. Saude ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gidansu, in ce mata ni na fi son tsayuwa, wai zaman ofis ya riƙe mini baya. Ita kuma ba za ta zauna ina tsaye ba, sai mu yi ta hira a tsaye kamar masu jiran mota. Wata rana ta ce, "Malam Akawu," (haka take kirana) "wai tabarmar tamu ce ba ta yi maka ba? In ce a ari kujera?" Na ce a'a, ai likita ma ya ce tsayuwa na da amfani. Ta ce, "Wane likita?" Na ce wani ne dai, ba ta san shi ba. Ta yi 'yar dariya ta sake hira.

In na hango babanta ya ɓullo kwana, sai in tuna an aike ni. In ladan ya fara gyaran murya na magariba, sai in haye keke in yi ta gudu sai masallacin unguwarmu, inda kowa ya riga ya san tsawona. (Tuƙa keke da wannan takalmi wani babi ne daban, ba zan buɗe shi yau ba.) Haka muka ƙarasa rani muka shiga damina. Ƙafata ta yi bororo, gwiwata na ƙara, amma in Saude ta yi dariya kan wata magana tawa sai in ji duk an biya ni. Ina son ta, so na gaske, irin na ɗan shekara goma sha tara da bai san ana warkewa ba. Yaya Sale ya san komai, ya kuma rufa mini asiri, sai dai yakan ce, "Guntu, wai in an ɗaura da shi za ka riƙa kwana?"

Bikin Yaya Sale da Binta ya zo, na tsallake shi da dabara. Na mai da kaina ɗan aike. Ni ne sayo goro, ni ne ɗauko kujeru, wurin ɗaurin aure ma can baya na tsaya wai ina gadin kekuna. Saura abu guda, gaisuwar surukai. Bayan an kai amarya, ango da abokansa sukan je gidan iyayenta su gaishe su, su yi godiya. Ango ba ya magana, kansa a ƙasa, babban aboki ke yi masa baki. Babban abokin Yaya Sale wani direba ne Mamman, shi aka shirya zai yi. Ni na riga na tsara zan tsaya waje wurin kekuna, aikin da na ƙware a kai.

Muna ƙofar gidan sai labari ya zo motar Mamman ta lalace a Katabu. Yaya Sale ya dubi sauran abokansa, direbobi da kanikawa, waɗanda in ana hirar tasha ba a jin kunne amma a gaban surukai sai su koma kurame. Ya juyo ya dube ni.

"Guntu, kai za ka yi magana."

"Yaya, kekunan fa?"

"Wa zai saci keke a ƙofar gidan biki? Kai ne ɗan boko, kai ne mai baki. Don Allah kada ka kunyata ni yau."

Maigidan ya raka baƙi tasha, don haka aka ce mu shige ciki wurin mata. A ƙarshen zaure, inda tsakar gida ta fara, kowa ya tuɓe takalmi. Su abin da sauƙi, girgiza ƙafa ɗaya ya fita. Ni na raɓe a lungu na zuge zif na sauko. Saukowa ce ta gaske, irin ta wanda ya sauko daga dakali. Wandon da tela ya auna a kan tudu ya zube ƙasa ya yi tuli, ƙafata ta ɓace a ciki.

Can ƙarshen tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika: uwar amarya, goggonni, maƙwabta, da 'yan bikin da ba su koma garinsu ba. Saude na tsaye bakin madafi tana kallon shigowarmu. Mai hankali a nan sai ya naɗe ƙafar wando ya shiga yadda Allah ya yi shi. Ni sai wata dabara ta faɗo mini, wadda har yau nake mamakin ƙwaƙwalwar da ta haife ta. Na ce tunda wandon ya rufe ƙafar, wa zai san abin da ke ƙarƙashi? Na yi ɗage a kan yatsuna, na ɗan tattare wandon ta wajen cinya, na laɓe bayan wani ƙaton bakanike, na ratsa tsakar gidan nan kamar ɓarawon kaza. Muna isa na yi maza na durƙusa. Wanda ya durƙusa ai ba a san tsawonsa ba, na ji a raina na tsira.

Maganar kuwa, ba yabon kai ba, na yi ta. Na gaida kowace da matsayinta, na yi godiyar tarbiyyar da aka ba Binta, na ce mun karɓi amana, na roƙi a yafe mana in an ga gazawa a hidimar biki. Goggonni sai "madalla, madalla" suke yi. Na saci kallon Saude na ga tana murmushi. Na ce a raina yau na gama da gidan nan.

Sai hadarin da tun azahar yake haɗuwa ya saki ruwa. Wata goggo ta ce, "Saude, kwaso takalman baƙi kada su jiƙe."

Ina durƙushe ina kallo ta ruga, ta tattara na kowa a wani tsohon daro ta kawo gefen rumfa. Sai ta sake komawa cikin ruwan, domin nawa bai shiga daron ba. Ta dawo da ɗaya a kowane hannu, ta dire su gaban tabarma, suka yi ƙara kamar an ajiye turmi. Ruwa ya riga ya wanke tawadar. Ga taya, ga katako fari tas, ga wata tayar, hawa hawa, har da kawunan ƙusoshi.

A tsakiyar matan akwai Iya, kakar su Binta, tsohuwa doguwa siririya da goro ya rina wa baki. Kun san wasan da ke tsakanin kaka da mazan jikokinta. Ita ce mai izinin faɗin duk abin da ta ga dama, ango da abokansa kuwa ranar ba su da bakin ramawa. Tun shigowarmu take tsokanar Yaya Sale, wai ta fi Binta iya tuwo, ya sake shawara tun da wuri. Da ta ga takalmin sai ta manta da shi. Ta miƙa hannu aka ba ta ɗaya. Ta jinjina nauyinsa, ta ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa.

"Wannan na sawa ne ko na zama?" in ji ta. "In kujera ce a bar mini, tawa ta karye."

Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi.

"Na wane ne a cikinku?"

Na ƙura wa tabarma ido kamar yau na fara ganin irinta. Yaya Sale kansa na ƙasa yadda al'ada ta ce, amma kafaɗunsa rawa suke yi.

"To tunda ba shi da mai shi, kowa ya ɗauki nasa mu ga wanda zai rage."

Ɗaya bayan ɗaya suka jawo nasu daga daro, maciya amana, babu wanda ya yi ko ɗan jinkiri don ya rage mini zafi. Aka bar ni da hannu biyu a kan gwiwa.

"Au, mai zaƙin bakin nan ne? Tashi in gan ka, ɗan nan."

A nan ma ina da sauran mafita. Da na miƙe sosai na yi dariya, da an yi dariya an wuce wurin. Amma Saude na tsaye, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, tana kallona. Sai na miƙe a kan yatsu.

Iya ta dube ni sama da ƙasa. Ban sani ba ko nan take ta gane, amma na fi zaton ta gane, domin sai ta gyara zama, ta ɓare sabon goro, ta shiga tambayata asali. Ɗan wane ne kai? Wane Malam Audu, na kasuwar Kawo? Asalinku mutanen ina ne? Uwarka 'yar gidan wa? Ashe ta san wata goggon Inna, sun yi zaman Zariya tare, sai da ta ba ni labarin yadda suka yi, har da na wata akuya da suka haɗa kuɗi suka saya. Ina amsawa, "Haka ne, Iya. Ƙwarai kuwa, Iya," yatsuna na neman ɓallewa. Sha-raɓata ta fara rawa, rawar ta hau cinya, ta kama wandon gaba ɗaya yana kaɗawa. Gumi ya karyo mini ana tsakiyar ruwan sama. Na cije, na ce ko mutuwa zan yi a sama zan mutu.

Jijiyar ƙafar hagu ce ta fara ɗaurewa. Dunduniyar ta ɗan sauka, na karkace. Ina ƙoƙarin mayar da ita, ta dama ta ce ita ma ta gaji. Ban faɗi ba. Da ma faɗuwar na yi, da an ce tsautsayi ne an yi mini sannu. Sauka na yi a hankali kamar tayar keke ta yi faci, wandon na taruwa a ƙasa, fuskata na neman yin murmushi, har dunduniyata ta taɓa tabarma.

Iya ta cire goro daga baki, ta ce cikin natsuwa, "Ku riƙe shi, yaron nan narkewa yake yi."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ta danne ƙarar ruwa a kan kwano. Wata goggo ta kwanta a jikin wata. Uwar amarya, wadda kunyar suruki ta hana ta ko tari tun shigowarmu, ta tashi ta shige ɗaki, muna jiyo ta daga can. Yaya Sale, ango, wanda bai kamata a ga haƙorinsa ba, ya kifa goshi a tabarma.

"Saude, zo ki tsaya kusa da shi," in ji Iya. Ta zo tana cizon leɓe. A kafaɗa na tsaya mata, shi ma sumata ce ta taimaka. Iya ta dube mu ta ce, "To mene ne abin wahalar da kai? Marigayi kakanku sai ya taka turmi yake rataye rigarsa, kuma duk unguwar nan babu wanda ya isa ya ɗaga masa murya. Zauna ka huta, ɗan nan. A ba shi fura."

Yanzu da nake faɗa muku na san maganar alheri ce. A lokacin ban ji ta ba, kunnena dariyar kawai yake ɗauka. Ban san yadda aka yi sallama ba. Na dai san na naɗe wandon har gwiwa, na rungumi takalman na yi zaure. Saude ta biyo ni.

"Malam Akawu," ta ce, "ka dawo ran Juma'a. Yanzu ai sai mu zauna kamar mutane, ni ƙafata ta gaji da tsayuwa."

Murmushi take yi. Ni kuwa a idona duk wani murmushi a ranar ba'a ce. Na rataye takalman a hannun keke na fita cikin ruwa, ina jan sa ƙafa ba takalmi har Unguwar Shanu. Labarin ya riga ni isa. (Takalmin dai Inna ta samu abin tokare ƙofar madafi, ya yi shekaru yana wannan aiki, ya kuma fi dacewa da shi.)

Juma'a ta zo ban je ba. Wata ta zo ban je ba. Na daina bin duk hanyar da ta ratsa Unguwar Sarki, ko ofis sai in yi zagaye. Binta ta aiko Yaya Sale ya ce Saude na tambayata, na ce aiki ya yi yawa. Ya sake zuwa, na sa aka ce ba na nan, ina ɗaki ina jin sa. Ranar da ya ritsa ni ya ce, "Guntu, yarinyar nan tun ranar farko ta sani. Ta gaya wa Binta tafiyarka irin ta mai ɗauke da tulu a ka ce. Babanta ma ba tsawonka ya dame shi ba. Cewa ya yi wane irin yaro ne wannan, ba ya gaida mutane, ana kiran salla yana hawa keke. Ita ce take kare ka. Ka je ka ba da haƙuri a wuce wurin."

Maimakon in ji sanyi sai kunyar ta ninku. Wato duk watannin nan ina ta rangaji a sama, ita tana kallona tana tausaya mini. Na ce masa zan je in na shirya. Duk lokacin da ya tambaya, amsar ke nan, sai na shirya.

Daminar ta wuce, wata ta zagayo. Ina nan ina shiri sai ga goron ɗaurin auren Saude. Na kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Na ce ba za ni ba, Baba ya ce gidan surukan Sale gidanmu ne, in sa riga mu tafi. A hanya ina ta zana angon a raina: dogo, mai faɗin kafaɗa, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure. Har na ɗan samu sauƙi da wannan hoton, domin in dogo ne ya ƙwace ta, to ba laifina ba ne, halitta ce.

Bayan azahar za a ɗaura. Da aka ta da salla a masallacin ƙofar gidan, masallacin da na yi ta gudu, na tuɓe silifas na shiga sahu. Wani ya matso ya haɗa kafaɗa da ni, cikin farar babbar riga sabuwa fil, yana ƙamshin turare. Na ji kafaɗarsa a ƙasan tawa. Wannan baƙon abu ne a wurina, har sai da na saci kallo kafin kabbara. Ana gama ɗaurin aure mutane suka yi caa a kansa da hannuwa, "Ango, Allah ya sanya alheri."

Malam Isiyaku sunansa, malamin firamare. Na miƙa masa hannu, ya ɗaga kai ya dube ni. Ku ji fa, ɗaga kai ya yi. Yaya Sale ya gaya masa ko ni wane ne, sai fuskarsa ta washe.

"Kai ne mai takalmin? Ai Iya ta ba ni labari ranar da na fara zuwa gaishe ta. Ni ma ta ce in tashi ta gan ni, na ce mata, Iya, ai a tsaye nake."

Ya yi dariya, kowa ya yi, ni ma na yi, don babu abin da ya rage mini. A duk faɗin Kaduna shi ne baligi na farko da na tabbatar na fi tsawo, kuma shi ya auri Saude. Da raha guda ya wuce wurin da ni na ƙarar da albashi, na ɓata ƙafa, na yi shekara ina ɓuya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, ya kuma daɗe yana yi.

Shi ya sa in na ga yaro ya fara zama saurayi, ya tsaya gaban madubi yana harara hancinsa ko kunnensa, nakan gaya masa abin da na koya da tsada. Abin da kake ɓoyewa mutane sun gani tun ranar farko, sun wuce wurin. Ɓoyon ne kawai suke tsayawa kallo. Ni dai tun daga ranar, duk inda aka ce in tashi a gan ni, da tafin ƙafata biyu a ƙasa nake miƙewa. Tashin ma ba shi da nisa.